Yadda Za Ka San Maɓallai Da Kayan Kariyar Sienna Kafin Ka Ɗebi Iyali Ka Hau Titi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayani na wanda Allah ya hore wa motar gida ne, musamman Toyota Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010, irin 'yan Kwatanon nan da suka cika gari, don ita na fi sabawa da ita kuma ita nake yawan zaunar da mutane ina nuna musu. Mai Corolla ko Camry ko Highlander shi ma zai ƙaru, yawancin abubuwan kusan wuri ɗaya suke. Abin da nake so ka riƙe tun farko, mota a tsaye ake koyon maɓallanta, ba sai kana kan hanyar Kaduna ruwa ya tsuge yara na kuka a baya sannan ka fara laluben waifa ba. Ka ware awa ɗaya ko biyu ranar da ba ka da uzuri.

Abubuwan da za ka tanada

Wuri shimfiɗaɗɗe mai inuwa kuma a fili, kada ka yi a rufaffen gareji don za ka bar inji yana aiki, hayaƙin salansa yana kisa kuma ba a jin warin gubar da ke cikinsa. Sai ki da rimot, tocila, tsumma, da gejin auna iskar taya. Sai littafin mota, in babu shi (yawancin 'yan Kwatano ba sa zuwa da shi) ka shiga shafin Toyota na Amurka a intanet ka sa shekarar motarka ka sauke a waya, kyauta ne. Ka samu mutum ɗaya da zai tsaya a waje yana duba maka fitilu. A but kuma ka tabbatar akwai jak, wilsifana, abin kashe gobara wanda allurarsa ke kan kore, alwatikar nan mai ƙyalli da ake kira si-koshin, da ɗan akwatin taimakon gaggawa. 'Yan Road Safety suna tambayar abin kashe gobara da si-koshin da safaya, amma ko ba don su ba kai ne za ka buƙace su.

1. Zama da madubai

Kafin ka taɓa ki, gyara kujera. Ka matso da ita har ya zama in ka take birki zuwa ƙarshe gwiwarka tana ɗan lanƙwashe, ba a miƙe sambal ba. Jingina bayanka sosai ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar kujera ba. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani ɗan hannu, in ka sauke shi sitiyarin yana hawa yana sauka, sai ka saita ka mayar ka kulle. Tsakanin ƙirjinka da tsakiyar sitiyari a samu kamar santimita 25, saboda jakar iska (airbag), wadda take kumbura ta tare mutum in an yi karo, daga nan take fitowa. Masu kwantar da kujera can baya don gayu su sani in aka yi karo ta ƙarƙashin bel mutum yake zamewa.

Matashin kai na saman kujera ba ado ba ne, shi yake tare wuya in an buge ka ta baya. Ɗaga shi samansa ya yi daidai da saman kanka.

Madubin tsakiya ya ɗauko gilashin baya gaba ɗaya. Na gefe kuma ka buɗe su har ya zama ɗan gefen motarka kaɗai kake gani. Akwai wani ƙaramin madubi mai ƙundu a rufi kusa da fitilar gaba, in ka danna ya sauko, da shi ake kallon yara a baya ba sai ka waiwaya ba.

Duba ƙarƙashin ƙafarka ma. Kada ka jibga tabarma kan tabarma, a 2009 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci a Amurka saboda tabarmar ƙasa tana maƙale totur. Gorar ruwa kada ta zauna a nan, tana gangarawa ƙarƙashin birki. Mai babbar riga ya tattare ta, Hajiya ma ta tattare hijabi ko abaya, kuma silifas mai santsi ba na tuƙi ba ne.

2. Karanta fitilun dashbod

Murɗa ki zuwa ON amma kada ka tayar. Fitilu za su kama gaba ɗaya, to nan ka nutsu ka duba, don wannan ne gwajin da yake tona asirin motar da aka yi wa kwaskwarima. Nemi hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ita ce fitilar jakar iska. Dole ta kama, ta yi kamar sakan 6, ta mutu. In ta zauna a kunne akwai matsala kuma jakar ba lallai ta fito ranar buƙata ba. In kuma ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar wani ya cire ƙwan ko ya toshe shi don a ɓoye cewa motar ta taɓa haɗari an cire jakunkunan. Ka kai wa mai na'urar kwamfuta ya duba. Haka za ka duba ta ABS (na'urar da ke hana tayu kullewa in an take birki) da ta hoton inji ka ga sun kama, sai dai ta inji ba ta mutuwa sai an tayar.

Yanzu tayar. Ƙa'idar mai sauƙi ce, ja yana nufin tsaya, ruwan ɗorawa yana nufin ka je a duba ba da jimawa ba. In hoton buta mai ɗigo ya kama ja kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe inji nan take, bakin mai ba ya zagayawa kuma minti kaɗan ya isa ya noke inji. Hoton batir yana nufin caji ya tsaya. Allurar zafi tsakiya take zama, in ta doshi H ka kashe esi ka tsaya, kuma don Allah kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan yana feso mutum a fuska. Wadda aka rubuta MAINT REQD kuwa kada ta tsorata ka, tuni ne na juyen bakin mai, duk mil 5,000 take kamawa wato kusan kilomita 8,000.

3. Ƙafa, giya da birkin fakin

Motar otomatik ce, ƙafar dama ita ce ta totur ita ce ta birki, ta hagu ta huta. Giyar tana jikin dashbod, P R N D 4 3 2 L, kuma ba za ta fita daga P ba sai ka take birki. Kada ka sa ribas ko P mota tana motsi ko kaɗan, sai ta tsaya cak.

Abin da yake rikita sabbin shiga shi ne hambirki, sai su yi ta nema a tsakanin kujeru. A Sienna na ƙafa ne, wani ɗan feda can hagu. Ka take ya kama, ka sake takewa ya saki, kuma jar fitilar BRAKE za ta mutu in ya saki. In za ka yi fakin musamman a gangare, riƙe birki, take na fakin, sannan ka sa P, don nauyin mota ya sauka kan birki ba kan giya ba.

Lambobin nan 3 da 2 na gangara ne. In kana saukowa wuri irin Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga da mota cike da mutane da kaya, ka rage gudu ka sauko da giya 3, in ya yi tsanani 2, inji ya taya ka riƙe motar. Wanda ya kwanta kan birki tun daga sama zai ji ƙauri, daga nan birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Masu sa N a gangara wai suna tattalin mai, wallahi ganganci ne da ran iyali.

In batir ya mutu giya ta ƙi fita daga P kuma ana son tura motar, akwai ɗan murfi kusa da giyar, ka ɓanɓare shi da bakin ki ka danna abin da ke ciki, za ta saki.

4. Fitilu, sigina da waifa

Sandar hagu ta fitila ce da sigina. Murɗa bakinta sau ɗaya ƙananan fitilu, sau biyu manya. Tura ta gaba ful, shuɗiyar alama za ta kama a dashbod, ka ja ta wajenka ta yi filashin. Ka sauke ful da zarar ka hango mota tana zuwa. Wasu daga cikin motocin Amurka suna kunna fitilar gaba mai rauni da kansu da rana, sai magariba ta yi mutum ya ɗauka ya kunna fitila alhali danjar bayansa a mace take, to ka murɗa da hannunka. Sa abokin aikinka ya zagaya ya duba sigina huɗu, fitilar birki da ta ribas.

Jan maɓalli mai alwatika na lokacin lalacewa ne ko haɗari a gaba. Kunna shi a mahaɗa wai alamar za ka miƙe, babu wannan a dokar tuƙi, rikita na baya kawai yake yi.

Sandar dama waifa ce, ƙasa mataki-mataki tana ƙara sauri, ka ja ta wajenka ta fesa ruwa, ka murɗa bakinta na gilashin baya ya yi aiki. Da hunturu kada ka kunna waifa kan busasshiyar ƙura, tana karce gilashi. Kuma kada ka zuba garin sabulu a tankin ruwan, yana toshe bututun.

5. Esi

In mota ta sha rana, sauke gilasai ka yi tafiyar minti ɗaya ko biyu zafin ya fita sannan ka rufe ka kunna esi. Maɓallin da ke da hoton mota da kibiya ta lanƙwashe a ciki, iskar ciki yake juyawa, ya fi saurin sanyi kuma yana hana ƙura da hayaƙin tirela shigowa. Amma a doguwar tafiya da mutum bakwai a ciki, ka riƙa kashe shi jifa-jifa sabuwar iska ta shigo, in ba haka ba za ka ji kasala da barci suna kama ka.

Da damina in gilashin gaba ya yi raɓa ta ciki, kada ka goge da hannu ko hula. Kunna esi, juya iskar zuwa hoton gilashi, kashe mai juya iskar ciki, ƙara fanka, nan da nan zai washe. Na baya yana da nasa maɓallin.

Na baya suna da nasu esin. A gaba za ka ga inda aka rubuta REAR, daga nan kake kunna musu ko ka miƙa musu iko su saita da kansu. In iska ta yi rauni ko tana warin ƙura, kafin ka je a ce maka gas ne, sauke aljihun dashbod na gefen fasinja, matacin iska yana bayansa, ka zaro ka kakkaɓe ko ka sa sabo. A garuruwanmu ba ya daɗewa yake toshewa.

6. Ƙofofi da gilasai, saboda yara

Nan nake so ka fi ba da hankali. Buɗe ƙofar gefe mai zamewa ka haska bakinta da tocila, za ka ga wani ɗan makunni ƙarami. In ka tura shi wajen LOCK, ƙofar ba za ta buɗu ta ciki ba sai ta waje. Yi wa duka biyun, sannan ka shiga ka zauna a baya ka gwada da kanka. A hannun ƙofar direba kuma akwai maɓallin kulle gilasai, in ka danna yaro ba zai iya saukewa ko ɗagawa ba. Gilashin lantarki yana da ƙarfin da zai matse wuyan yaro, don haka kafin ka ɗaga na baya ka leƙa ka ce kowa ya janye hannu da kai.

In taka mai ƙofar lantarki ce, ka ja hannun sau ɗaya ka sake ta, ita za ta ƙarasa. Finciko ta da ƙarfi ko tura ta tana cikin tafiya shi yake tsinka wayar da ke janta, kuma gyaran akwai tsada. In masu shiga ba su saba ba, ko motar na kan gangare, danna PWR DOOR OFF a dashbod ta koma ta hannu. Ƙofar tana komawa baya in ta ci karo da abu, ka gwada da naɗaɗɗen tawul, kada ka gwada da hannunka, kuma kada ka dogara da wannan don daf da rufewa ba lallai ta ji ɗan yatsa ba. In ka ga ƙofar ta ƙi buɗewa har ƙarshe, duba ko gilashinta a sauke yake, ko kuma murfin tankin mai a buɗe yake in ta hagu ce, da gangan aka yi ta haka.

Kada ka bar yaro a mota ko na minti biyar ne, ko da gilashi a ɗan sauke, ballantana a watan Maris da Afrilu. In ka yi fakin a gida ka kulle ka ɗauke ki, yara suna shiga wasa su kasa fita. Kuma duk lokacin da za ka yi ribas a ƙofar gida, ka zagaya motar da ƙafarka tukuna, bayan Sienna yana da tsawo, ƙaramin yaro in ya tsaya nan madubi ba ya nuna shi.

7. Bel, kujerar yara da jakar iska

Bel ya bi ta tsakiyar kafaɗa ya ratsa ƙirji, na ƙasan ya kwanta kan ƙashin ƙugu ba kan ciki ba. In yana cin wuyanka, a jikin ginshiƙin ƙofa akwai abin ɗaga shi da sauke shi. Fizge shi da ƙarfi ka gani, ya kamata ya kulle. Mai juna biyu ma ta ɗaura, na ƙasan ya bi ta ƙarƙashin cikin. Dabarar nan ta saƙala bel ta bayan kujera don ƙarar ta yi shiru, mai yin ta ya sani jakar iska an yi ta ne ta yi aiki tare da bel, in babu bel kai za ka tafi ka tarye ta tana fitowa da ƙarfinta. Na baya su ma su ɗaura, don wanda bai ɗaura ba kan na gaba yake faɗowa. Mutum ɗaya bel ɗaya, kujera bakwai ko takwas ce a motar, iya adadin ke nan.

Yara 'yan ƙasa da shekara 12 baya za su zauna. Na san al'adarmu ce uwa ta rungume jariri a gaba, kuma ƙauna ce ta sa, amma a karo nauyin yaro yana ninkuwa sau da yawa har ya fi ƙarfin hannun kowa, ga jakar iska a gabansa. Kujerar jarirai ita ce maganin. Sa hannu a tsakanin mazauni da majinginar kujerun tsakiya, za ka taɓo wasu ƙarafa biyu, nan ake saƙala ta, motocin Amurka tun daga 2002 suna zuwa da su. In kujerar taka ba ta da ƙugiyoyin, zura bel ta inda aka nuna a jikinta, ka jawo bel ɗin gaba ɗaya har ƙarshe sannan ka sake shi a hankali, za ka ji yana ƙas-ƙas yana kullewa, sai ka danna kujerar da gwiwa ka ƙara tsukewa. Girgiza ta, kada ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu. Jariri baya yake kallo, kuma kujera mai kallon baya ba a taɓa sa ta a gaba. In kuɗin sabuwa bai samu ba ana samun na hannu, ka duba babu tsagewa kuma igiyoyinta lafiya. Kafin ta samu, uwar ta zauna a baya ta ɗaura bel ita kaɗai, kada ta haɗa da jaririn a ciki, kai kuma ka rage gudu sosai, amma ka sani wannan maneji ne kawai. Yaron da ya girmi kujera amma bel yana bin wuyansa, akwai ɗan abin ɗaga zama da ake sa masa.

Kada a ɗora ƙafa a dashbod, kada a jera akwatin tishu da kwalbar turare a inda aka rubuta SRS AIRBAG. In ka ga wannan rubutu a gefen kujera, kada ka sa mata rigar da za ta rufe wurin.

8. Gwajin birki da karatun gudu

Nemi fili mara mutane, kai kaɗai a mota, ka kai gudun kamar kilomita 30 a awa ka take birki da ƙarfi. Za ka ji feda yana karkarwa yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarka, ABS ke nan yana hana tayu kullewa don ka iya juya sitiyari. Ka ji shi yau don ranar gaske kada ka tsorata ka ɗaga ƙafa. Ka danne kawai, ba a famfo.

Motar Amurka manyan lambobin agogonta mil ne, kilomita su ne ƙanana a ciki. In allura tana kan 60 kana dab da kilomita 100 ke nan, wanda shi ne iyakar ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwayen layi, cikin gari kuma 50 ne wato kusan 30 a manyan lambobi. Wanda ya kai allura 100 a manyan yana gudun 160 bai sani ba.

9. Taya da safaya

Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi da ta faɗi iskar da tayarka ke so, a Sienna yawanci 35 ne a ma'aunin PSI na geji. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba ita ake bi ba, ka gaya wa mai faci lambar da kake so kuma ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. A gefen taya bayan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, 2321 yana nufin sati na 23 a 2021, da haka za ka gane tsohuwa ko da zanenta yana da kyau.

Safayar Sienna ba a but take ba, a ƙarƙashin mota take ta wajen ƙofar gefe ta dama. Ɗaga kafet a wajen kujerar tsakiya ta dama za ka ga kan noti, ka murɗa shi da kayan da ke tare da jak, tayar za ta sauko a kan waya. Sauke ta yau ka ga tana nan kuma da iska, ka duba wayar ko ta yi tsatsa, don a 2010 an janye waɗannan motoci a jihohin Amurka masu ƙanƙara saboda gishirin titi yana cinye wayar har tayar ta faɗi. In 'yar siririya ce iskarta 60 ne kuma kada ka wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Mai rubutun AWD a jiki, wato mai ja da tayu huɗu, ba ta zuwa da safaya daga kamfani, sai ka sayi rim da taya ka ɗaure a but. In taya ta fashe a hanya, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, kada ka daki birki, ka gangara gefe a hankali, danna jan maɓallin nan mai alwatika, fitar da iyali su tsaya nesa da kwalta, ka ajiye si-koshin can baya da nisa sannan ka ɗauko jak. Lambar gaggawa ta Road Safety 122 ce, ka sa ta a wayarka da ta uwargida.